Daga Kukan Sputnik Zuwa Hoton Tafkin Chadi: Yadda Ilmin Sama Da Ƙasa Ya Shiga Aji

Ranar 4 ga Oktoba, 1957, Tarayyar Sobiyat ta harba wani dunƙulen ƙarfe zuwa sararin samaniya, faɗinsa santimita 58, nauyinsa wajen kilo 84. Sunansa Sputnik. Babu kyamara a jikinsa, babu makami. Batura ne a cikinsa da na'urar rediyo mai fitar da wani ɗan siririn kuka a kai a kai, yana kewaya duniya sau ɗaya cikin minti 96. Masu shi sun ɗora kukan nan a kan zangon da duk mai rediyon gajeren zango mai ɗan kyau zai iya kamawa, saboda haka tsawon mako uku, har baturan suka mutu, mutane a ƙasashe da dama suka riƙa murɗa rediyo suna jin abin da kunnensu.

A Amurka hankali ya tashi ƙwarai. Wata guda bayan haka Sobiyat ta sake harba na biyu, da karya mai suna Laika a ciki. Da Amurka ta yunƙura ta mayar da martani ranar 6 ga Disamba, rokar Vanguard ta ɗan ɗaga daga ƙasa ta faɗo ta kama da wuta a gaban 'yan jarida. Sai aka shiga neman wanda za a ɗora wa laifi, kuma laifin ya faɗa kan makaranta. A watan Maris na 1958 mujallar Life ta jera hoton wani ɗalibin sakandare na Mosko da na wani takwaransa na Chicago, ta nuna ɗaya yana fama da lissafi da fiziks, ɗayan yana rawa da 'yan mata. A ganina ba a yi wa malaman Amurka adalci ba a nan, domin jinkirin rokar ya fi alaƙa da siyasa da gasar da ke tsakanin rundunonin sojan ƙasar. Shaida kuwa, ranar 31 ga Janairu, 1958, tauraronsu Explorer 1 ya tashi lafiya, har na'urar da James Van Allen ya ɗora masa ta kai ga gano ɗamarar tururin da ke kewaye da duniya. Amma tsoron ya riga ya kama mutane, kuma shi ya sa aka saki kuɗin da aka daɗe ana hana makarantu.

Kafin lokacin, gwamnatin tarayyar Amurka ba ta cika sa hannu a harkar makarantu ba, ana ganin aikin jihohi ne, kuma ƙudurori da yawa na tallafa wa ilmi sun mutu a majalisa. Da aka liƙa wa sabon ƙudurin sunan tsaron ƙasa, sai ya wuce. Shugaba Eisenhower ya sa masa hannu ranar 2 ga Satumba, 1958, da kuɗi kusan dala biliyan ɗaya cikin shekara huɗu: bashin karatu ga ɗaliban jami'a, da kayan ɗakin gwaje-gwaje ga makarantu. 'Yan makonni kafin nan an kafa hukumar sararin samaniya ta NASA, kuma a cikin dokar da ta kafa ta akwai wata jimla da ta ɗora mata nauyin yaɗa labarin ayyukanta da sakamakonsu gwargwadon iko. Wannan jimlar ita ce tushen kusan duk hotuna da taswirori da littattafan da hukumar ta raba wa makarantu tun daga ranar. Dokar Amurka kuma ba ta ba gwamnatin tarayya haƙƙin mallaka a kan irin waɗannan ayyuka ba, don haka malami ko ina yake yana iya ɗaukar hoton ya buga wa ɗalibansa.

Masana sun riga 'yan siyasa farkawa. Tun 1956 Jerrold Zacharias na jami'ar MIT ya tara malaman fiziks don su sake rubuta littafin sakandare daga tushe. Abin da ya dame su shi ne yara suna haddace sunaye da ƙa'idoji ba tare da sun taɓa gwada komai da hannunsu ba. Littafinsu ya fito a 1960 tare da finafinai da kayan gwaji masu araha, irin tiren ruwa da ake haskawa da fitila don yaro ya ga yadda igiyar ruwa ke tafiya tana karo tana lanƙwasa. Masana halittu suka bi sahu a 1958. Masu ilmin ƙasa su ne suka zo a makare: a 1963 suka kafa nasu kwamitin a garin Boulder na jihar Colorado, suka haɗa ilmin duwatsu da na yanayi da na teku da na taurari cikin darasi ɗaya don 'yan aji tara, suka gwada shi a makarantu shekaru da dama kafin littafin ya fito a 1967.

Abin da ya fi burge ni a wannan zamani ba a cika ambatonsa ba. Hukumar kimiyya ta ƙasar ta riƙa biyan malaman sakandare kuɗi su koma jami'a lokacin dogon hutu, su zauna makonni gaban masana, su riƙe kayan gwajin da hannunsu kafin su kai wa yara. Dubban malamai sun bi ta wannan hanya. Inda malami ya samu horon, sabon littafin ya yi aiki. Inda bai samu ba, sau da yawa akwatunan kayan suka zauna a sito, aka koma karanta wa yara littafin su haddace, wato ainihin abin da marubutansa suka guda.

Kuɗin dokar 1958 ya gina wani abu kuma da ya cancanci a tsaya a kansa, wato ɗakin taurari: ɗaki mai rufin ƙubba, a tsakiyarsa akwai majigi mai watsa hoton sama a jikin rufin, ana iya juya shi ya nuna daren kowane wata na shekara cikin 'yan mintuna. Kamfanin Zeiss na Jamus ne ya ƙera na farko a 1923, ƙirar injiniya Walther Bauersfeld, aka buɗe shi ga jama'a a gidan tarihin kimiyya na Munich a 1925. Na Chicago ya biyo baya a 1930. Sai dai injin Zeiss sai babban birni ke iya sayensa. A 1947 wani tsohon ɗan jarida, Armand Spitz, ya fito da nasa: akwati mai fuska goma sha biyu da aka huhhuda da ƙananan ramuka, da ƙwan fitila a ciki, farashinsa wajen dala 500. Da kuɗin 1958 suka sauka, ɗaruruwan makarantun Amurka suka gina ƙubba. Da kuɗin suka ja baya, da yawa aka rufe su ko aka mayar da su ɗakin ajiya, musamman inda malamin da ya iya injin ya yi ritaya. A 1977 wani malamin makaranta a Massachusetts, Philip Sadler, ya ƙera ƙubbar leda da ake hurawa da fanka, a naɗe ta a saka a bayan mota. Irinta ce har yau ake yawo da ita makarantu a ƙasashe da dama. Ita ma NASA tun 1961 ta sa motoci a hanya ɗauke da ƙananan samfuran rokoki da malami mai bayani, suna bin makarantu gari gari.

Wannan gasa ta Amurka da Sobiyat ta taɓa ƙasar Hausa kai tsaye. Lokacin da Amurka ta shirya tura mutum ya kewaya duniya, sai da ta jera tashoshin sauraro a faɗin duniya don kada muryarsa ta ɓace. Biyu suna Afirka: ɗaya a Zanzibar, ɗaya a Kano. Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, da John Glenn ya kewaya duniya sau uku, tashar Kano tana cikin waɗanda suka bi sawunsa. Ranar 23 ga Agusta, 1963 kuma Shugaba Kennedy ya yi magana da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron Syncom 2, ta hanyar wani jirgin ruwan Amurka da ke tsaye a tashar Legas, karo na farko da shugabannin gwamnati biyu suka yi waya ta tauraron ɗan'adam. Ina jin takaicin yadda ɗalibi zai gama sakandare a Kano bai taɓa jin wannan ba.

Duk da haka, labarin da na fi so a wannan tarihi bai faru inda aka zuba kuɗin ba. Tun kafin Sputnik ya tashi, masanin taurari Fred Whipple ya shirya 'yan sa-kai, cikinsu har da 'yan makaranta, su riƙa zama a jere da ƙananan na'urorin hangen nesa, kowa na tsaron yankinsa na sama, su rubuta daƙiƙar da tauraron ɗan'adam ya gifta. Wasu masana sun raina dabarar. Da Sputnik ya zo ba zato, manyan kyamarorin gwamnati ba su gama shiri ba, waɗannan mutanen ne suka kawo bayanan farko. Wanda ya kai wannan aiki matuƙa shi ne Geoffrey Perry, malamin fiziks a wata sakandaren maza da ke garin Kettering a Ingila.

Perry yana neman hanyar da zai koya wa yara wata ƙa'ida ce kawai: sautin abin da ke tunkaro ka ya fi kaifi, idan ya wuce sai ya yi ƙasa, kamar hon ɗin motar da ta wuce ka a guje kana tsaye a bakin titi. Igiyar rediyo ma haka take yi. Shi da abokin aikinsa Derek Slater, malamin kemistiri, suka samo tsohuwar rediyon soja da aka yi gwanjonta bayan yaƙi, suka ɗaura waya a matsayin eriya, suka sa yara sauraren taurarin Sobiyat. Yaran na shigowa kafin a kaɗa ƙararrawa da kuma lokacin tara, su sa abin sauraro a kunne, su rubuta lokacin da sautin ya fara, da lokacin da ya ɓace, da irin salonsa. Littafi bayan littafi suka cika. Da tafiya ta yi tafiya suka gane cewa wasu taurarin da Sobiyat ke kira Kosmos kwana takwas suke yi a sama su sauko, alamar suna ɗauke da fim na leƙen asiri da ake son a wanke a ƙasa.

A watan Maris na 1966 aka harba Kosmos 112. Da suka zana hanyarsa, sai suka ga karkatarsa ta kai digiri 72, alhali irinsa da ke tashi daga Baikonur a Kazakistan sun saba bin digiri 65 ko ƙasa da haka. Da suka mayar da layin baya zuwa lokacin tashi, bai bi ta Baikonur ba sam. Perry ya rubuta wa wata mujallar jiragen sama cewa lalle akwai wani filin harba roka a arewa da ba a bayyana ba. A watan Oktoba Kosmos 129 ya ba su layi na biyu, inda layukan suka gicciye kuwa shi ne wani wuri kudu da birnin Arkhangelsk. Filin Plesetsk ke nan. Hukumomin leƙen asirin Amurka sun san da shi amma sun yi gum, ita kuwa Sobiyat ba ta amsa cewa akwai shi ba sai 1983. 'Yan sakandare da agogo da takardar zane ne suka fara gaya wa duniya. Daga wannan filin ne, a watan Satumba na 2003, aka harba NigeriaSat-1, tauraron Najeriya na farko. Perry bai samu wani littafi na musamman ba, bai samu ƙubba ba. Ya ba yaran tambayar da shi kansa bai san amsarta ba, ya koya musu auna abu daidai da rubuta shi a kan lokaci.

A ɓangaren ilmin ƙasa kuwa, littafin ne ya sauya a hannun malamai suna tsakiyar koyarwa. Tun 1912 Alfred Wegener ya ce nahiyoyi a haɗe suke a da, suka rabu. Yawancin masana suka yi watsi da shi domin bai iya nuna ƙarfin da ke tura su ba. A jami'ar Columbia akwai wata mata, Marie Tharp, a lokacin da ba a yarda mata su hau jiragen bincike ba. Sai maza su je teku su auno zurfi, ita kuma ta zauna a tebur tana mayar da lambobin zane. A 1952 ta lura da wani dogon kwari da ya tsaga tsakiyar jerin duwatsun da ke ƙarƙashin tekun Atilantika, alamar ƙasan tekun tana buɗewa. Abokin aikinta Bruce Heezen ya ƙi yarda da farko, sai da ya ga wuraren girgizar ƙasa sun faɗa daidai kan layin kwarin. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 hujjoji sun taru, masana suka amince cewa ɓawon duniya faranti faranti ne masu motsi. Malamin da aka koya wa cewa nahiyoyi a kafe suke, sai ga shi zai tsaya gaban yara ya ce suna tafiya. Abin da ya taimake shi shi ne taswirar Tharp da Heezen, wadda mai zane Heinrich Berann ya yi wa launi, cikakkiyarta ta fito a 1977. An kwashe ruwan teku a zanen, yaro na ganin ɗinkin da ya zagaye duniya da idonsa. Namu yaron ma yana da rabo a ciki: ƙusurwar Brazil ta dace da lungun tekun Gini, kwarin Binuwai kuma reshe ne na tsagar da ta raba Afirka da Kudancin Amurka, wanda ya fara buɗewa ya tsaya.

A wannan tsakanin ne hotunan Apollo, shirin Amurka na zuwa wata, suka shigo aji. Ranar 24 ga Disamba, 1968, Bill Anders ya ɗauki duniya tana ɓullowa daga bayan wata. Ranar 7 ga Disamba, 1972, 'yan Apollo 17 suka ɗauke ta cikakkiya, Afirka da yankin Larabawa a fili, ƙanƙarar kudu a ƙasa. Daga cikin kilo 382 na duwatsu da ƙasar wata da aka kawo, NASA ta daskarar da 'yan gutsattsari cikin fayafayan roba mai haske, samfuri shida a kowanne, tana ba da aronsu ga malamai, amma sai wanda ya halarci horo ya karɓi takardar shaida. Indiya kuma ta ari tauraron ATS-6 daga Amurka daga Agustan 1975 zuwa Yulin 1976, ta watsa darussa ta talabijin zuwa ƙauyuka wajen 2,400, ta yi amfani da shi wajen horar da dubban malaman firamare.

Bayan Apollo sha'awar jama'a ta yi sanyi, kuɗi suka ragu. A 1984 Shugaba Reagan ya sanar cewa fasinja na farko daga cikin jama'ar gari da zai hau kumbon da ke zuwa yana dawowa malamin makaranta ne. Fiye da malamai 11,000 suka nema. Aka zaɓi Christa McAuliffe, mai koyar da tarihi da zamantakewa a garin Concord na jihar New Hampshire, aka shirya za ta gabatar da darussa biyu kai tsaye daga sama. Safiyar 28 ga Janairu, 1986, an jera yara gaban talabijin a makarantu da dama. Daƙiƙa 73 da tashi, kumbon Challenger ya tarwatse, mutum bakwai suka rasu. Bincike ya nuna wani zoben roba da ke toshe mahaɗar rokar ne sanyin daren ya sandarar, kuma injiniyoyi sun yi gargaɗi tun daren jajibiri ba a saurare su ba. Niyyar girmama malami mai kyau ce, kuma McAuliffe ta ɗauki aikin da gaske. Amma an sa ta a kumbon da aka nuna wa duniya kamar hawansa ya zama ruwan dare, alhali waɗanda suka ƙera shi sun san ba haka ba ne, kuma yara ne suka kalli sakamakon. Iyalan mamatan suka kafa cibiyoyin koyarwa da sunan kumbon, inda yara ke raba aiki tsakaninsu kamar ma'aikatan ɗakin sarrafa kumbo. Ta farko ta buɗe a Houston a 1988. Barbara Morgan, malamar da aka ajiye a matsayin madadin McAuliffe, ta jira shekara 21, ta zama cikakkiyar 'yar sama jannati, ta tashi a Agustan 2007.

Kayan karatun da ya fi kowanne amfani ga ɗalibin Afirka, a nawa ra'ayin, ba don makaranta aka yi shi ba. Ranar 23 ga Yuli, 1972 aka harba tauraron da daga baya aka sa wa suna Landsat, da na'urar ɗaukar hoto da injiniya Virginia Norwood ta tsara. Yana ɗaukar ƙasa zirin kilomita 185, ya dawo kan wuri ɗaya bayan kwana 18. Tun daga ranar ba a daina ba, magadansa suna ci gaba har zuwa Landsat 9 da ya tashi a 2021. Da farko hotunan ba su da tsada. A 1984 majalisar Amurka ta yanke a miƙa harkar ga 'yan kasuwa, farashin hoto ɗaya ya haura dala 4,000. Jami'o'i suka daina saye, balle makarantun sakandare, har an bar wasu yankuna ba a ɗauka ba don babu mai biya. Da gwamnati ta karɓe abinta, hoton Landsat 7 ya sauko dala 600 a 1999. Brazil ce ta fara karya wannan shinge a 2004 da ta saki hotunan taurarin da take haɗin gwiwa da Sin kyauta. A 2008 Amurka ta buɗe rumbun gaba ɗaya ba ko sisi, kuma cikin shekara guda aka sauke hotuna fiye da miliyan ɗaya. Turai ta bi da Sentinel-2 a 2015, shi ma kyauta.

A duba abin da wannan ke nufi ga malamin labarin ƙasa a Maiduguri ko Diffa. A farkon shekarun 1960 Tafkin Chadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da na 1980 ya sa ya rabu biyu, kwarin arewa da na kudu, buɗaɗɗen ruwansa ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. Malami na iya buga hoton 1973 da na 1987 da na bara, ya shimfiɗa farar leda mai zanen murabba'ai a kan kowanne, yara su ƙirga gidajen da ruwa ya cika. Za su fara da mamakin launi, domin a irin wannan hoto ciyayi ja suke fitowa, ruwa kuma baƙi ko shuɗi mai duhu. Daga nan tambayoyi za su taso, kuma a nan ne ake gane malamin da ya san aikinsa. A wane wata aka ɗauki kowane hoto? Tafkin ba shi da zurfi, kuma kusan duk ruwansa daga kogin Shari da Logone yake zuwa, yana cika ne watanni bayan damina ta ɗauke, saboda haka hoton Disamba da na Yuni ba ɗaya ba ne. Jan da ya mamaye tsakiya fa, busasshiyar ƙasa ce ko ruwa ne a ƙarƙashin ciyawa? Yaron da mahaifinsa masunci ne a Baga zai iya amsa wannan fiye da littafi. Hotunan baya bayan nan kuma sun nuna ruwan ya ɗan farfaɗo idan aka kwatanta da tsakiyar shekarun 1980, abin da jerin hotunan da ake yawan yaɗawa ba ya nunawa. Ɗalibin da ya yi wannan ƙirga da kansa ba zai ƙara karɓar hoto ba tare da ya tambayi kwanan watansa ba.

Shirin GLOBE, wanda aka fara a 1995, ya mayar da dabarar Perry tsari na duniya. Yara suna auna ruwan sama da zafi da danshin ƙasa, suna duba gajimare, bisa ƙa'ida ɗaya a ko'ina, a kusan tsakar rana, su tura lambobin zuwa rumbu guda da masana ke amfani da shi. Idan sun duba gajimare a daidai lokacin da tauraro ke wucewa, ana haɗa abin da suka gani daga ƙasa da abin da ya gani daga sama. Ƙasashe fiye da 120 sun shiga, har da Najeriya da Nijar. A 1995 ɗin ce kuma masana biyu, Robert Nemiroff da Jerry Bonnell, suka fara saka hoton falaki ɗaya kowace rana a intanet da gajeren bayani. A 2001 wani Bafaranshe, Fabien Chéreau, ya fara rubuta manhajar Stellarium, wadda ke mayar da kwamfuta ɗakin taurari kyauta, kuma idan an sauke ta ba ta buƙatar intanet. Abin da Munich ta kashe dukiya ta gina a 1925 ya dawo cikin jakar malami.

A nahiyarmu an kafa cibiyoyi. Tun 1974 akwai AGRHYMET a Yamai, mai horar da masana yanayi da ruwa na Sahel. A 1998 aka buɗe cibiyoyin koyar da kimiyyar sararin samaniya biyu masu alaƙa da Majalisar Ɗinkin Duniya, ta masu Ingilishi a Ile-Ife, ta masu Faransanci a Rabat. Najeriya ta kafa hukumarta ta sararin samaniya, NASRDA, a 1999, ƙungiyar masana falaki ta duniya kuma ta buɗe ofishin raya ƙasa a Cape Town a 2011. Yawancin wannan aiki a sama yake, wajen masu digiri. Matakin da Amurka ta taka a wancan zamani, na ɗaukar malamin aji a biya shi ya je ya riƙe kayan da hannunsa, shi ne ya yi mana ƙaranci, kuma kusan duk kayan nan na kyauta da Ingilishi ko Faransanci suke, alhali yaron firamare a Daura ko Tasawa da Hausa yake tunani. Ba kuma daga fanko zai fara ba. Ya san Zara, ya san Gamzaki, ya san Kaza da 'Ya'yanta, kuma malaman zaure sun daɗe suna lissafin manzilolin taurari 28 suna gaya wa manoma lokacin shuka. Malamin da ya buɗe Stellarium ya nuna wa yara waɗannan taurarin da sunayen da suka sani ya riga ya yi rabin tafiya.

Ranar 29 ga Maris, 2006, cikakken husufin rana ya ratsa Ghana da Togo da Benin, ya bi ta arewa maso yammacin Najeriya da kudancin Nijar, ya wuce Chadi da Libiya. Wani babba yana tafe ranar Litinin 2 ga Agusta, 2027. Inuwarsa za ta bi ta arewacin Afirka, ta rufe rana fiye da minti shida a kusa da Luxor ta Masar, ta bi ta Jidda da Makka. A ƙasar Hausa wani ɓangare na rana ne zai rufe, da hantsi. Lokacin damina ne, gajimare na iya tarewa, kuma makarantu da yawa suna hutu, don haka malamin da ke son ɗalibansa su amfana sai ya koya musu tun zangon ƙarshe: kada a kalli rana da ido ko ta baƙin gilashi, a huda kwali da allura, a juya wa rana baya, a bar hasken ya faɗa kan farar takarda, a zana siffar da ta fito kowane minti goma tare da rubuta lokaci.